Mai famfon zuciya idan jininsa ya yi ƙasa: yadda za ku bi abin daga gida

Jama'a wannan rubutun na waɗanda ke jinyar mutumin da aka saka wa famfon zuciya ne, wato na'urar nan da likitoci ke kira LVAD. Ba su da yawa a nan Kebbi, na sani, kuma mafi yawansu waje aka je aka yi aikin aka dawo da su gida da jakar batir a kafaɗa da takardu cike da fayil, to amma da an sauka Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri shi ke nan, likitan da ya yi aikin yana can wata ƙasa, ku ne a gaba. Kuma abin da ya fi yawan mayar da irin waɗannan marasa lafiya gadon asibiti bayan aiki, zubar jini da ƙarancin jini suna sahun gaba. Binciken da aka yi a ƙasashen da ake yawan saka na'urar ya nuna wanda jininsa ya zauna a ƙasa ya fi yawan komawa asibiti, ya fi rashin ƙarfin jiki, kuma haɗarin rasa rai ya fi yawa gare shi.

Maganar da nake so ta zauna muku ita ce, ga mai famfo, ƙarancin jini ba abu ba ne da za a ce a sayo maltina da madara ko a sayo kwalbar maganin ƙarin jini a kemis a ce an gama. Dole a nemo ta ina jinin ke tafiya. Ko dai yana zuba ne a wani wuri, ko famfon ne ke farfasa shi, ko kuma jikin ne ya kasa ƙera sabo. Kowanne maganinsa daban, kuma abin da ke gyara ɗaya yana iya ƙara lalata ɗayan.

Bari in ɗan faɗi yadda na'urar take don abin da ke gaba ya shiga kai. Ana dasa ta ne a ƙasan ɓangaren hagu na zuciya, tana zuƙo jini daga can tana tura shi cikin babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Akwai igiya da ke fitowa ta fatar ciki ta haɗu da kwantirola, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa famfon tana nuna lambobinsa, kwantirola kuma na haɗe da batir biyu. Wadda aka fi sakawa yanzu ita ce HeartMate 3 ta kamfanin Abbott, an amince da ita a Amurka a 2017, tana juyawa wajen sau 5,000 zuwa 6,000 a minti ɗaya. Kafin ita akwai HeartMate II wadda ke kaiwa wajen 9,000, akwai kuma HVAD ta Medtronic da aka daina sayarwa a 2021 amma har yanzu akwai masu ita a jiki. Ku duba takardarku ku san wacce ce taku, don likitan da za ku kira abin da zai fara tambaya ke nan. A babban gwajin da ake kira MOMENTUM 3, kashi 58 cikin ɗari na masu HeartMate 3 suna raye bayan shekara 5, masu HeartMate II kuma kashi 44, to kun ga na'urar tana ja da rai da izinin Allah idan an kula.

Famfon nan ba ya bugawa kamar zuciya, turawa yake ba tsayawa. Shi ya sa za ka taɓa hannun mutum ka ji babu bugun jini ko ka ji shi can ƙasa-ƙasa, na'urar awon hawan jini ta batir ta yi ta nuna kuskure, ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa ita ma ta ƙi karantawa. Ba mutuwa yake ba. Amma illar ita ce alamomin da aka saba gane zubar jini da su, irin bugun ya yi sauri ko awon ya faɗi, ba za ku same su cikin sauƙi ba. Sai ku koma ga ido da tambaya.

Abin da za ku riƙa dubawa kullum

Da safe cikin hasken rana, ba hasken fitila ba, a ja fatar ido ta ƙasa a duba, a duba tafin hannu da harshe da dasashi. Idan ya ɗashe ya yi fari ku rubuta. Ku lura da abin da yake iya yi jiya da ya kasa yau: da yana takawa masallacin unguwa ba haki, yanzu sai ya tsaya sau biyu a hanya, yana tashi daga sujada sai jiri ya ɗebe shi, ya fara sallah a zaune ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba. Dattawanmu ba sa faɗar ciwo, za ka ce "Baba ya jikin" ya ce "Alhamdulillahi da sauƙi" alhali da ƙyar yake numfashi, don haka kada amsar ta ishe ku.

Sannan lambobin kwantirola. Kowace safiya a rubuta su a littafi guda, gudun juyawa, yawan jinin da ke wucewa, wutar da famfon ke ja, da lambar PI, wadda ke nuna yadda bugun zuciyar kanta ke tasiri a kan jinin da ke wucewa ta famfon. Yawancin mutane jinin da ke wucewa yana tsakanin lita 4 zuwa 6 a minti, amma kowa da nasa, abin lura shi ne canji daga abin da aka saba gani. Duk manomin shinkafar rani a fadamar Argungu ko Suru ya san yadda injin ban ruwa ke yi idan ruwan rijiya ya ja baya, ya fara shan iska yana shaƙewa. Haka famfon nan yake idan jini ya ragu a jiki, zuciya ba ta cika, sai ya zuƙo bangon zuciyar, sai ƙararrawar ƙarancin gudun jini ta fara kuka. Idan ƙararrawar nan ta yi ta maimaituwa kuma mutum ya ɗashe, ku ɗauka jini na zuba har sai an tabbatar ba haka ba ne.

Sai maganar da mutane ke jin kunya, bayan gida. Wallahi a nan ne ake yawan makara. Dole wani ya ɗauki nauyin tambaya, in namiji ne ɗansa ko matarsa, in mace ce 'yarta, ko a ce wa mara lafiyar shi da kansa ya riƙa dubawa kafin ya kora ruwa. Masai na rami ba ya nuna komai, a samo fo a ajiye masa. Abin da ake nema shi ne bahaya baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta mai wani irin wari da ba a saba ji ba, wannan jini ne da ya zubo daga tumbi ko saman hanji ya narke a hanya. Ko kuma jan jini ƙarara. Kuma don Allah kada a ce basir ne. Komai aka gani a bayan gida a garin nan sai a ce basir, a aika a karɓo jiƙo wajen mai magani, a yi kwana goma ana sha jini na tsiyaya. Ko da basir ɗin ne da gaske, ga mai shan maganin tsinka jini sai likita ya gani.

Dalilin da ya sa hanji ke zubar da jini ga waɗannan mutanen abu uku ne suka haɗu. Na farko wafarin da suke sha don kada jini ya daskare cikin famfo. Na biyu, akwai wani sinadari a jini mai suna von Willebrand da ke taimaka wa jini ya toshe rauni, juyawar famfon na yayyanka manyansa sai ya rage aiki. Na uku, rashin bugun nan na sa wasu ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro a bangon tumbi da ƙaramin hanji, su yi ta tsattsafo da jini kaɗan-kaɗan ba ciwo ba komai. Shi ya sa mutum zai ce shi cikinsa lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, amma PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, na sauka.

Gwaje-gwajen da za ku nema

A asibitocinmu PCV aka fi sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji na da ƙarancin jini idan himoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza 13, mace mara ciki idan ya gaza 12, PCV kuma kusan ninki uku ne na wannan lambar, wato wajen 39 da 36. Masu famfo da yawa ba sa kaiwa nan, za ka ga mutum na zaune a 30 ko 32 wata da watanni. To abin da ya fi muhimmanci shi ne ku san lambarsa ta yau da kullum. Wanda ya saba zama a 33 aka wayi gari yana 27, wannan magana ce babba ko da yana zaune yana hira. Ku riƙa yin gwajin a lab guda in da hali, don injin wani wuri da na wani ba sa cika daidaita.

Amma PCV kaɗai ba ya faɗa muku dalili. Duk ranar da za a ɗebi jini ku roƙa a haɗa da cikakken ƙidayar jini, da INR, da LDH, da gwajin ƙoda. INR shi ke nuna yadda wafarin ya tsinka jini, yawanci ana so ya zauna tsakanin 2 da 3 sai dai in likitansa ya ba shi wata iyaka daban. LDH kuma shi ke tona asirin fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Duk bayan 'yan watanni a duba feritin da TSAT don sanin ko sinadarin ƙarfe ya ƙare. Ga masu ciwon zuciya ana cewa ya yi ƙasa idan feritin bai kai 100 ba, ko yana tsakanin 100 da 299 amma TSAT bai kai kashi 20 ba. Kada a tsaya kan feritin shi kaɗai, don idan akwai ƙwayar cuta a bakin igiyar nan ta ciki, feritin na hawa ya nuna kamar komai lafiya alhali babu ƙarfen. Wasu daga gwaje-gwajen nan ba kowane ƙaramin asibiti ke yi ba, wanda ke Zuru ko Kamba ko Bagudo ya tambaya tun da wuri ko sai ya zo asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, ko ma ya wuce asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato. A san wannan tun ana lafiya, ba ranar da ake rububi ba.

Da sakamako ya fito a ɗauki hotonsa a tura wa masu kula da famfon ta WhatsApp tare da hoton littafin lambobi. Duk cibiyar da ke saka na'urar nan tana da lambar da ake kira dare da rana, ku rubuta ta a jikin jakar batir.

Idan fitsari ya canza launi

Wannan ita ce hanya ta biyu kuma ta fi gaggawa. Idan gudan jini ya fara taruwa cikin famfo, jajayen ƙwayoyi na farfashewa suna wucewa, sai fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko kalar koka, ido ya yi ɗorawa, wutar da famfo ke ja ta hau sama da yadda aka saba, LDH ya tashi ya ninka iyakarsa sau biyu da rabi ko fiye. A HeartMate 3 abin ya yi ƙaranci sosai in aka kwatanta da tsofaffin, amma bai ɓace ba. A nan mutanenmu za su ce shawara ce, a dafa sassaƙe. A'a. Asibiti a ranar, kuma a kira masu famfon tun ana hanya, don abin da ke biyo baya shi ne famfo ya tsaya ko shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai mu a nan akwai abin da likitan Indiya ko na Jamus ba zai fara kawowa a ransa ba, zazzaɓin cizon sauro. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ita. Maleriya ita ma tana farfasa jini, tana ɗaga LDH, tana duhunta fitsari, to sai a gwada a faɗa wa likitocin can sakamakon don kada su yi ta neman gudan jini a famfo alhali sauro ne, kuma kada mu ma mu ce sauro ne alhali famfo ne. Wanda aka yi wa allurar atesunet saboda maleriya mai tsanani a sake duba jininsa bayan sati ɗaya, biyu, har uku, don jinin kan iya faɗuwa daga baya bayan an ɗauka an warke. Gidan sauro dole ne gare shi, ba na yara kaɗai ba ne. Mutanen bakin ruwa kuma, Yauri da Ngaski da Shanga, a duba tsargiya da tsutsar ciki, su ma suna shan jini a hankali, kuma maganinsu ba tsada.

Abin da ba za ku yi ba ko da wa ya ce

Kada ku tsayar da wafarin da kanku. Na san hankali na cewa ai jini na zuba, a daina maganin da ke tsinka shi mana. Wani lokaci likitoci na dakatar da shi na ɗan kwanaki, amma su ke yanke wannan suna kallon INR da LDH, don idan jini ya yi kauri famfon ne zai toshe. Haka in an je wani ƙaramin asibiti aka ce za a yi allurar bitamin K ko wata allurar tsayar da jini, ku ce a dakata a yi magana da masu famfon tukuna, sai fa in jini ne ke ɓulɓula rai na hannun Allah, nan kam a ceci rai ana waya a lokaci guda. Kada kuma wani ya canza muku wafarin da sababbin magungunan tsinka jini wai don ba sa buƙatar gwaji.

Asfirin ma akwai magana. A da kowa ana haɗa masa da wafarin, sai a 2023 gwajin ARIES-HM3 ya nuna masu HeartMate 3 da ba a ba su asfirin ba zubar jininsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma daskarewar jini ba ta ƙaru ba. Idan naku na da HeartMate 3 kuma har yanzu yana shan asfirin, ku tambayi likitansa ko akwai dalilin ci gaba, don wasu suna da wani dalili daban kamar ƙarfen da aka saka a jijiyar zuciya. Tambaya na ce, ban ce ku cire ba.

Kemis kuwa, nan ne babbar matsalar. Ciwon gwiwa ko ciwon baya, a aiki yaro ya karɓo haɗi, a ƙulla masa ƙwayoyi biyar a leda ba suna. Cikin haɗin nan kusan kullum akwai diklofenak ko ibuprofen ko felden, kuma waɗannan suna cin bangon tumbi, suna hana jini toshe rauni, suna taɓa ƙoda. Ga mai famfo haramiyarsu ta likita ce, parasitamol kawai, shi ma ba a wuce ƙa'ida ba. Falajil da septirin da sipro da fulkonazol suna harba INR sama cikin 'yan kwanaki, rifamfisin na maganin tarin fuka kuma yana karya shi ƙasa. Idan dole a sha ɗaya daga cikinsu, misali an gano ƙwayar cutar olsa a tumbi za a yi maganinta, to a sake INR bayan kwana uku zuwa biyar da farawa.

Wanzami ma a ba shi haƙuri. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, aski ma a yi da inji ba aska ba. Cire haƙori sai an shirya da likita. Asuwaki a samo mai taushi a tauna shi sosai, ko buroshi mai laushi. Jiƙe-jiƙe da garin magani da ba a san me ke ciki ba a ajiye su, ko da Hajiya babba ce ta kawo da hannunta, a karɓa a yi godiya a ce likita ya hana.

Haɓo

Lokacin hunturu hanci na bushewa ya tsage, kuma mai wafarin idan haɓo ya ɓalle masa yana daɗewa. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan wurin hanci da yatsu biyu minti 10 zuwa 15 ba sakewa ana leƙawa. Kada a ɗaga kai sama kamar yadda muka saba, jinin na komawa ciki ne ya haɗiye, gobe bahaya ya yi baƙi a rasa gane daga ina. Kada a cusa tsumma ko takarda. Ya wuce minti 20 zuwa 30 bai tsaya ba, a tafi asibiti. Rigakafinsa ɗan basilin a bakin hanci safe da dare da takunkumi in ƙura ta taso. Mata masu al'ada kuma idan jinin ya yi yawa ko ya ƙara kwanaki su faɗa, akwai abin da ake yi, kuma maganar ɗaukar ciki ga mai famfo da wafarin haɗari ne babba, a zauna da likita kan tsarin iyali.

Abinci da maganin ƙarin jini

Hanya ta uku, jiki ya kasa ƙera jini. Ɓargo na buƙatar ƙarfe, yana buƙatar saƙo daga ƙoda, kuma masu ciwon zuciya da yawa ƙodarsu ta riga ta raunana. Ga kumburin cikin jiki da ke sa hanta ta saki wani sinadari mai suna hepsidin wanda ke rufe ƙofar shigar ƙarfe daga hanji. Wannan ne ya sa ƙwayar ƙarin jini ta baki ba ta cika aiki ga masu ciwon zuciya ba, an gwada a 2017 a gwajin IRONOUT aka ga ba ta taɓuka abin kirki ba. Wanda aka tabbatar ƙarfensa ya ƙare, na jijiya da ake sakawa a ruwa a asibiti ya fi, sai dai ba a yin sa lokacin da ƙwayar cuta ke cin jiki. In ƙwayar ce kawai ake da hali, a sha ta da ruwa ko da lemu, ba da shayi ba, a bar tazarar awa biyu tsakaninta da shayi da madara da goro. Kuma ku sani tana baƙanta bahaya, amma nata baƙin ba danƙo ba wari irin na jini, in kun yi shakka a kai lab a gwada.

Akwai allurar da ake wa masu wankin ƙoda don ɓargo ya ƙera jini. Kada a ce ai ta yi wa wane aiki a yi wa mai famfo, tana ƙara haɗarin daskarewar jini, sai likitan famfon ya amince.

Abinci kam Allah ya hore mana. Kifi, nama, wake, ƙwai, ɗan hanta jefi-jefi, a haɗa da abu mai tsami irin lemu ko gwaba ko tsamiya don ƙarfen ya shiga jiki. Inda ake kuskure shi ne ganye. Da an ce jini ya yi ƙasa sai a fara dafa zogale tukunya guda, a matso ruwan ugu kofi-kofi, ga alayyafo ga rama. Ganyen nan cike suke da bitamin K wanda ke karya ƙarfin wafarin, sai INR ya faɗo ƙasa da 2 famfo ya shiga haɗari. Ba a ce a daina miyar kuka ko kwaɗon zogale ba, a ci yadda aka saba ci, daidai gwargwado kowane sati, kada a yi wata ba a ci ba sannan damina ta zo a dirar masa. Gishiri da magi kuma a rage kamar yadda aka faɗa muku tun a can.

Ruwan sha ma na cikin lissafi. Zafin Maris zuwa Mayu a nan yana haura digiri 40, mutum na zufa jini na raguwa a jijiya, in ga ƙarancin jini a kai sai ƙararrawa ta yi ta kuka. A tambayi likita lita nawa zai sha a bazara, don ƙa'idar da aka ba shi a ƙasa mai sanyi ba lallai ta dace da Jega a watan Afrilu ba. Azumi kuwa, wanda jininsa ke ƙasa ko bai daɗe da zubar jini ba, a tambayi likita a tambayi malami, addini ya yi rangwame ga mara lafiya, a ciyar.

Idan ta kai ga ƙarin jini

Ku san rukunin jininsa, ku tanadi mutum uku ko huɗu masu irinsa da za a iya kira ko tsakar dare ne, don kun san yadda ake fama a nemo leda. Yawanci ana ƙarin jini ne idan himoglobin ya sauka wajen 7 zuwa 8, ko jini na zuba, ko mutum na haki yana jiri ko da lambar ba ta kai can ba. Leda ɗaya na ɗaga himoglobin da kusan 1, PCV da kusan 3. Ku tuna wa ma'aikatan a saka a hankali, don famfon ɓangaren hagu kawai yake taimaka wa, ɓangaren dama na zuciya shi kaɗai yake fama, in aka antaya masa jini da ruwa da sauri sai ƙafa ta kumbura numfashi ya ƙara tsanani.

Wanda ke jiran dashen zuciya kuma lallai a faɗa kafin a rataya leda. Kowane ƙarin jini na iya sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta ƙi zuciyar da za a dasa masa nan gaba, don haka ba a yi sai dole, kuma ana so a tace fararen ƙwayoyin jinin in akwai halin haka. A rubuta ranar da yawan ledar a littafi a sanar da cibiyar.

Bayan ƙarin jini aikin bai ƙare ba, sai an leƙa. Ana fara saka kyamara ta baki a duba tumbi da farkon hanji don a nan aka fi samun wurin, in ba a gani ba a duba ta ƙasa, akwai kuma 'yar kyamara kamar ƙwayar magani da ake haɗiyewa ta ɗauki hoton ƙaramin hanji. In an ga jijiyar ana ƙona ta. Wanda abin ke dawo masa akai-akai akwai allurar oktiriyotaid, wasu kuma a rage musu iyakar INR ko a gyara gudun famfo, duk wannan hukuncin masu famfon ne. Hoton MRI dai ba a yi wa mai na'urar nan ko kusa, ku faɗa da bakinku kada ku ɗauka an sani.

Ranar tafiya asibiti a ɗauki batir na ƙari cike da caji, da kwantirola ta ajiya, da cajar, da littafin lambobi, da kwalayen magungunan gaba ɗaya. Batir biyu na HeartMate 3 na iya kaiwa awa 17 in sababbi ne, amma kada a dogara da wutar asibiti ko a ce ai Sakkwato ba nisa. Da an isa a gaya wa nas ɗin farko cewa yana da famfon zuciya, ba za a ji bugu ba, awon hawan jininsa da na'urar dofla ake yi, wadda ke sauraron gudun jini a jijiya, kuma ana so ya zauna wajen 70 zuwa 90. Bayan an sallame ku a sake PCV da INR cikin sati ɗaya, ko da ya ce ya ji garau.